Riga a Baibai

Duk wanda ya taɓa bi ta layin bayan tashar mota ya san shagon Gwaggo Ƙyalƙyali ko da bai shiga ba. Tsakanin mai facin taya da mai sayar da caja yake, ɗan ɗaki ne wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. A ƙofarsa kullum akwai riga a rataye, wadda aka yi wa ruwan duwatsu tun daga wuya har ƙasa, in rana ta doke ta sai ka ɗauka walda ake yi.

Tela ce, ta mata, kuma ra'ayinta a kan tufafi ɗaya ne tak: riga don idon mutane ake ɗinka ta, jiki ɗan rakiya ne. In mace ta zo gwaji ta ce hammata ta matse, sai Gwaggo ta ce ai ba barci aka aike ta ta yi a ciki ba. In ta ce ba ta iya numfashi, sai ta ce numfashin ya jira a dawo gida. Suna fita suna zaginta, suna dawowa da sabon yadi, don ba a taɓa shiga taro da ɗinkin Gwaggo an fito ba a tanka ba.

Amma ba haka ta fara ba.

Lokacin da ta haifi 'yarta, wadda ita kaɗai Allah ya ba ta, mijin ya riga ya tafi neman aiki, kuma da alama har yau bai samu ba. Ɗaki ɗaya take da shi a gidan haya, da keken ɗinki na aro mai tari kamar tsoho. Yadin jarirai kuwa sai dai ta gan shi a kasuwa ta gaishe shi. Sai ta ɗauko tsofaffin zannuwanta, waɗanda suka sha wanki har suka yi laushi kamar kunnen ɗan akuya, ta yanka ƙananan riguna. Ba wanda ya koya mata. Kallon jaririyar ta yi, ta ga wuya ba ya tsayawa, sai ta buɗe rigar ta gaba don kada a cusa kai. Ta ga yini ake yi a kwance, sai ta hana bayan rigar maɓalli, ta sa igiya a gefe nesa da cibiya. Ta faɗaɗa hannun. Da ta gama ta farko, ta goga haɗin ɗinkin a fatar idonta ta ji yana karta, sai ta warware, ta mayar da haɗin waje. Cikin rigar ya zama sumul, duk ƙazantar ɗinkin tana kallon duniya. Yarinya ta yi ta barcinta kamar ita ta biya haya.

Ran nan ana wanki a bakin famfo, matar mai gidan hayar ta ɗauki jaririyar, ta juya ta nan, ta juya ta can, ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Ku zo ku ga 'yar tela da riga a baibai," in ji ta. "Uwar ba ta san ciki da waje ba, ita za mu ba ɗinkinmu?"

Aka yi dariya. Kafin shanya ta bushe matan sun manta. Gwaggo ce ba ta manta ba. Ta karɓi 'yarta ta shige ɗaki, kuma daga ranar ta ɗaura yaƙi da matar da ba ta ma san ana yaƙi da ita ba. Ta koyi tattara, ta koyi shafi, ta koyi dasa duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta tashi cikin leshi da sitaci, ana kai ta makaranta kamar fitila. Ta girma ta zama malamar firamare, kowa Malama yake ce mata, kuma har yau in ta ga riga mai duwatsu sai hannunta ya tafi wuya yana susa.

Malama ta auri wani mai gyaran firiji, mutum mai sanyin hali, kamar sana'ar ce ta shige shi. Suka daɗe ba haihuwa, daɗewar da har masu tambaya suka gaji suka koma tambayar wasu. Sai da kowa ya cire rai sannan ciki ya zo.

A daidai lokacin ne idon Gwaggo ya fara yi mata rowa. Da farko ramin allura ne ya ƙaura ba sallama. Sai layin alli a kan baƙin yadi. Ranar da ta haɗa wa wata hannun riga a juye, ta ce salo ne sabo, amma washegari ta tafi wurin likitan ido. Ya haska, ya duba, ya ba ta maganin ɗigawa, sannan ya faɗa mata gaskiya ba kwana-kwana: abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma tafiya yake yi. In akwai wani aikin ido da take son yi a duniya, to ta yi shi yanzu.

Ta dawo ta ce wa Malama tabarau ne kawai, likitan ma yaro ne, bai kai ta sanin ido ba. Amma ita ta ji abin da aka ce. Ganinta ya zama kamar guntun sabulu a ruwa: wanki ɗaya ya rage a jikinsa, sai ta zaɓi abin da za ta wanke.

Wata ranar Asabar Malama ta shigo shagon, ciki a gaba, jaka a hannu. Ta zauna a kan kujerar gwaji, ta zazzage jakar a teburin yanka. Tsofaffin zannuwa ne na auduga, nata da na Gwaggo, duk launinsu ya koɗe. A kansu ta ɗora wata 'yar riga da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, da tabon man keke a gefe. A aljihun keken ta same ta, Gwaggo tana goge kwarkwaro da ita shekara da shekaru.

"Inna, irin wannan nake so ki yi mini," in ji ta. "Da yawa. Waɗanda zan wanke da safe su bushe kafin rana ta raba."

Gwaggo ta ɗaga rigar da yatsa biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera. Ta ce a mayar da tsumman inda aka ɗauko shi. Jikan Ƙyalƙyali, na fari, wanda aka yi shekaru ana roƙo, shi za a naɗe a abin goge keke? So ake mutane su ce ta mutu ba a sanar ba?

Malama ta yi ta bayani a hankali, irin na wanda ya saba da 'yan aji ɗaya. Ta ce jariri ba taro yake zuwa ba. Aikinsa uku ne, ya sha, ya ɓata, ya yi barci, kuma a yini sai a sauya masa kaya har hannu ya gaji. Ta ce tana son abin da za ta kwance da hannu ɗaya, wanda ba zai taɓa cibiya ba, wanda zai sha tumbuɗi a wanke ba a yi kuka ba. Ta ce tun tana yarinya take jin labarin rigunan nan, kuma a duk kayan da aka taɓa ɗinka mata, su kaɗai ne ba ta tuna sun cije ta ba.

"Ai ba za ki tuna ba, ba ki da wayo," in ji Gwaggo. "Ni nake tunawa. Kuma ni za ki koya wa jariri? Guda nawa kika haifa?"

Bakin Gwaggo ya saba yanka kafin ya auna, kuma wannan karon ya yanka inda ba a ɗinkewa da wuri. Malama ta tattara zannuwan ta mayar cikin jakar, ta tura ta ƙarƙashin teburin, ta ce ko da za a canja shawara. Ta dafa bango ta miƙe, ta fita.

Gwaggo ta so ta kira ta. Maimakon haka sai ta ɗauki mayafi ta nufi kasuwar yadi.

Abin da ta ɗinka a watannin nan, ko maƙiyinta ba zai ce bai yi kyau ba. Farin leshi ne, da shafi mai sheƙi a ciki, doguwar riga har ta wuce inda ƙafar jariri za ta tsaya. Wuyan a tsaye, an zagaye shi da duwatsu ƙanana kamar ƙwayar gero. A baya ta jera maɓallai masu kamar lu'ulu'u tun daga ƙeya har ƙugu, kowanne da ɗan madaukinsa na zare da ta saƙa da hannu. Da hula, da takalmin yadi wanda ba za a taka ƙasa da shi ba. Ta sallami masu kawo ɗinki. Ta jawo kujera bakin ƙofa inda haske ya fi, kullum yadin yana ƙara matsowa fuskarta, har mai facin taya ya tambaye ta ko ɗinki take yi ko sansana. Ta ce masa ya ji da tayoyinsa, su ne sa'anninsa.

Surukin ya zo sau ɗaya, wai ya zo duba fankar shagon. Ya kwance ta, ya goge, ya ɗaura, ya yi ta jan ƙafa, sannan ya ce da ƙasa, ba da Gwaggo ba, wai Malama tana tambaya ko an samu damar taɓa 'yan rigunan nan. Gwaggo ta ce ya gaya mata ana aikin manya, kuma shi ya kula da fankar da ta fi shi magana. Ya ce to, Inna, Allah ya ƙara lafiya. Da ya koma, Malama ta je kasuwa ta sayo rigunan jarirai na kamfani, irin waɗanda ake sayarwa a ƙulle cikin leda.

Ranar da Gwaggo ta dasa dutse na ƙarshe, ta ɗaga rigar a rana don ta more kallonta. Wani farin hazo ta gani yana walƙiya. Ta ce wa ranta ƙura ce.

Aka haifi namiji. Bayan an sallamo su daga asibiti, Gwaggo ta hau benen gidan da suke haya, tana laluben matakala da ƙafa, riga a rataye a hannu cikin ledar wanki. Ɗakin yana warin sabulu da madara. An ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa, ƙunzugu da 'yan riguna suna ɗiga a kai. Malama tana zaune a bakin gado, idanu sun faɗa.

"Ina angon nawa?" in ji Gwaggo. "A fito mini da shi, na kawo masa kayan da zai san ya auri tela."

Malama ta kalli rigar, ta kalli mijinta. Shi kuma ya sami wani abu mai muhimmanci a silin yana dubawa. Ta miƙa yaron.

Ba a sa rigar sai an kifar da mai ita, tunda ƙofarta a baya take. Gwaggo ta kifa shi a cinya, kansa yana lilo, ta shiga cusa hannuwa cikin hannun leshi da ba ya miƙewa. Yaro ya fara ƙorafi. Ta zo kan maɓallan, nan fa yatsunta suka yi ta neman madaukan da ita ta saƙa, suna wucewa ta gefensu. Ta ƙi a taya ta. Kafin ta kai na wuya, ƙorafi ya zama kuka, irin kukan da jariri yake yi har sautin ya ɗauke sai baki a buɗe. Ta juyo shi ta kwantar a gado don a gani. Nauyinsa duka ya sauka a kan jerin maɓallan. Ya sandare, ya yi ja, sannan ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya kelayo tumbuɗi a kan duwatsun.

Malama ta ce, "Inna, cire masa." Ba ta ɗaga murya ba.

Gwaggo ta sake kifa shi. Yanzu madaukan sun jiƙe da zufa, sun ƙanƙame maɓallan, yaro yana ta harbin iska. Ta lalubi na farko, ya ƙi. Ta kai fuskarta har hancinta yana taɓa bayansa, ba ta ga komai ba sai fari. Sai ta miƙa hannu baya ba tare da ta juya ba.

"Ba ni almakashi."

Surukin ya miƙo na kicin. Ta sa yatsunta biyu tsakanin yadin da fatar yaron, ta bi ta kansu da almakashin, daga ƙugu har wuya. Duwatsu suka watse a siminti, suna ta gangarawa ƙarƙashin gado. Aikin da ya cinye mata ido bai ɗauki almakashi numfashi uku ba.

Da aka zare rigar, ta shafa bayan yaron. Ba ta ga jan ba, amma yatsunta sun karanta shi: 'yan ramuka a jere, kowane maɓalli ya sa hannu. A wuya kuma wani layi mai zafi.

Malama ta karɓe shi, ta ciro riga ɗaya daga igiya ta sa masa, ta ba shi nono. Da ya yi shiru, Gwaggo ta matso ta kama bakin rigar kamfanin tana murzawa. Yadin ba laifi. Amma haɗin yana ciki, mai kauri kamar igiyar buhu, ya bi ta hammata. A ƙeya ga wata 'yar takarda mai kaifi. Wuyan kuma sai an ja shi ta kan maɗiga. Ta tura yatsa hammatar yaron ta ji 'yan ƙuraje.

Ta ce wanda ya ɗinka wannan bai taɓa riƙe jariri ba. Malama ta ce ita ma ta sani, abin da ta samu ke nan.

Surukin ya durƙusa yana tsince duwatsu ɗaya ɗaya, don kada wani ya taka.

Washegari Gwaggo ta buɗe shago, ta jawo jakar daga ƙarƙashin tebur. Ta shimfiɗa zane, ta ɗora tsohuwar 'yar rigar a kai ta zama ma'auni, ta yanka da lalube. Wannan bai gagare ta ba, hannu ya san hanyarsa. Keke ne ya ƙi. Ta taka, yadin ya tafi inda ya ga dama. Ta warware, ta sake, allura ta bi ta gefen farcenta. Ta zauna tana tsotsar yatsa, tana jin ƙarar tashar mota, har ta yarda cewa ita da keken nan sun rabu.

Sai ta koma ɗinkin hannu. Zura zare kuwa sai mai facin taya. Kullum da safe yakan zura mata allurai ya soke su a jikin labule, ita kuma tana yi masa faɗa cewa ya baƙanta mata zare da hannunsa na kwalta. Yakan ce in ba ta so, ta kira wanda ya fi shi. Takan yi ɗinki kaɗan, ta bi da yatsa, ta ji ya karkace, ta warware. Abin da a da take gamawa kafin shayi ya huce, yanzu ya zama aikin watanni. Zannuwan da za su yi riguna cike da igiyar shanya, guda ɗaya suka haifa, ita ma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da ta gama ta goga haɗin a fatar idonta. Aƙalla fatar tana aiki.

A lokacin Malama ta riga ta san halin da idon yake ciki. Mai facin taya ne ya tsegunta wa surukin, surukin ya kai gida. Da Gwaggo ta hau benen da rigar a cikin jaka, 'yar ta tare ta a ƙofa ta kama hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, da kin ce in huta. Ni kuwa ina da wadda zan ba amsa."

Malama ta tambaya wace ce. Da ta ji, sai ta ce ai matar mai gidan hayar nan ta rasu tun tana makarantar sakandare, Inna ma ta je gaisuwa. Gwaggo ta ce ta sani, ai ba a kanta aka fara jin haushin mamaci ba.

Aka kawo angon. Ya yi nauyi, wuya ya tsaya, har yana zama in an tokare shi da matashi. Gwaggo ta ɗora shi a cinya, ta zura masa hannu ɗaya, ta zura ɗayan, ba kuka, ba kifawa. Ta jawo gaban rigar don ta ɗaure. Igiyoyin suka tsaya nesa da juna, tumbi a tsakaninsu kamar tulu. Ta ja, ta sake ja, sannan ta saki.

Ta ce wannan miji ba shi da kirki, an ce ya jira, ya tafi ya yi ƙiba.

Malama ta ce a bar masa ita haka a buɗe, ai zafi ake yi. Ta ce za ta ajiye wa ƙaninsa in Allah ya kawo. Su biyun sun san shekarun da aka yi kafin wannan ya zo. Can sai Gwaggo ta tambaya wane zane ne ta yanka, don ita da laushi ta zaɓa. Malama ta ce shuɗin nan ne mai ganye, wanda Inna take ɗaurawa in za ta yi wanki. Gwaggo ta gyaɗa kai. Yaron ya kama igiya ɗaya ya kai baki.

Ana haka maƙwabciyarsu ta leƙo, wata yarinyar mace mai goyo, ta zo aron ashana. Ta gaida Gwaggo, ta yi wa yaron wasa, sannan ta tsaya.

"Gwaggo, ai a baibai kika sa masa rigar."

Malama ta ɗago da sauri. Gwaggo ta bi haɗin ɗinkin da yatsa, daga kafaɗa har ƙasa, karkatacce, duk ƙullinsa a waje.

"Haka ake yin ta," in ji ta. "Don kada ta karce shi."

"Au, to," in ji maƙwabciyar. "Dabara ce kuwa." Ta karɓi ashanarta ta tafi.

Gwaggo ta bi ƙarar takalminta har ta sauka benen. Shi ke nan abin. Amsar ba ta fi haka tsawo ba, kuma tana da ita a baki tun ranar nan a bakin famfo. Ta zauna, hannunta a kan buɗaɗɗen cikin yaron, shi kuma yana ta tsotsar igiyar har ta jiƙe.